Soyayyen kayan ƙwalama: wanne za ka ɗauka?

Dankalin Turawa ɗaya ne, amma yadda aka sarrafa shi ne ke raba su. Dafaffe, giram 100 bai kai kalori 90 ba (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). In aka yanka shi dogo-dogo aka soya, ya kai wajen 300. Wanda aka yayyanka siriri aka zuba a leda kuwa ya haura 500, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa mai ne zalla. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4, kuma iya sirantar yanka, iya man da zai sha. In ka samu zaɓi, ɗauki mai kauri.

Na leda yana da fa'ida ɗaya: akwai rubutu a bayansa. Duba layin giram 100, ba ɗan abin da kamfani ya kira ci ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana. In sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, aka rubuta a ledar, ninka shi sau biyu da rabi, gishirin ke nan. Mai hawan jini, kada ka tsallake wannan layin.

Wanda ake soyawa a gabanka shi ya fi damuna, don ba rubutu, sai idonka. Leƙa kaskon kafin ka miƙa kuɗi. Man da ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa ko hayaƙi, an sha maimaita shi har ya lalace. Komai ƙamshi, ka wuce. Ka lura da launin suyar ma. Abinci mai sitaci in zafi ya haura digiri 120 yakan fitar da sinadarin akrilamaid, wanda masu bincike a Suwidin suka gano a abinci a 2002, kuma yana cikin abubuwan da ake zargin suna jawo ciwon daji. Yana ƙaruwa ne yayin da suya ke yin duhu, don haka mai ruwan zinariya ya fi wanda ya kusa ƙonewa.

Gasasshe, ko wanda aka yi a na'urar suya da iska mai zafi, man ya ragu sosai, amma gishirin yana nan, akrilamaid ma haka.

Ni in yunwa ce ta kama ni a hanya, gasasshiyar gyada marar gishiri nake nema. Kalorinta da yawa, shi ya sa cikin tafin hannu ya isa, amma tana da furotin, tana kuma riƙe ciki har lokacin abinci.