Takalmin Gudun Tsauni da Na Saya a Katsina

A watan Agusta na sayi takalmin gudu na gwanjo a Babbar Kasuwar Katsina, irin mai haƙora a ƙasansa, domin zagayen da muka shirya yi a tsaunukan Shere da ke kusa da Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Mai shagon ya ce mini, "Alhaji, ka ɗauki wanda ya ɗara ƙafarka kaɗan, domin a gangare yatsu ke shan wuya," kuma na ji daɗin bin shawararsa.

Ban san amfanin haƙoran nan ba sai da muka kutsa cikin bishiyoyi, inda laka da saiwoyi suka cika hanya bayan ruwan dare. Takalmin ya kama ƙasa gam, ko sau ɗaya ban zame ba. A kan falalen dutse mai laima kuwa ya yi santsi, har sai da na dafa da hannu kafin na sauko. Yana kuma riƙe ruwa, bai bushe ba sai washegari.

Wanda gudunsa bai wuce titin Ƙofar Ƙaura ba kada ya saye shi, domin kwalta za ta cinye haƙoran da wuri.