Mai rawar bale da mai tsallen ƙetare sanda: wa ya fi daɗewa a sama?

'Yar'uwa, kin tambaya ko masu rawar bale, wato rawar dandali ta Turawa mai yawan tsalle da tsayawa a kan yatsun ƙafa, suna da wata dabara ta tsayawa a iska wadda 'yan wasan tsalle ba su da ita. Ba su da ita. Da zarar ƙafa ta rabu da ƙasa, jan ƙasa ne ke da iko, yana rage saurin hawan mutum da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, ko wane ne shi. Abin da ya rage a hannunsa shi ne yadda zai jera gaɓoɓinsa a kewayen tsakiyar nauyin jikinsa, wato wurin da nauyin jiki ya daidaita ta kowane ɓangare, wadda ke ƙasan cibiya kaɗan idan yana tsaye.

Ɗauki tsallen bale da ake kira grand jeté. Idan tsakiyar nauyin mai rawa ta tashi rabin mita, duk zamanta a sama bai wuce daƙiƙa 0.64 ba. Sai dai rabin wannan lokaci a rubu'in tsayi na can sama take yin sa, domin a nan hawan ya lafa, saukar kuma ba ta kankama ba. Daidai nan take ware ƙafafu, ɗaya gaba ɗaya baya, ta ɗaga hannuwa. Tsakiyar nauyin sai ta matsa sama a cikin jikinta, kai da kafaɗu kuma su tafi kusan a miƙe maimakon su bi lanƙwasar tsallen. Mai kallo kuwa fuska yake bi da ido, shi ya sa yake ganin kamar ta tsaya.

Ɗan wasan tsallen ƙetare sanda akasin haka yake yi. Dick Fosbury, Ba'amurken da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko da mita 2.24, ta baya ya ƙetare sandar, ya lanƙwashe kamar baka. Kai ya riga ya fara sauka a wancan ɓangaren, ƙafafu ba su ƙarasa hawa ba, ta yadda tsakiyar nauyin kan wuce dab da sandar, har ma ƙarƙashinta. Da wannan salo Javier Sotomayor na Kuba ya kai mita 2.45 a 1993.

A agogo, ɗan wasa ya fi daɗewa a sama, tunda ya fi tashi. Amma ni aikin mai rawar ya fi burge ni. Shi katifa ke jiransa, ya faɗa yadda ya ga dama. Ita a ƙafa ɗaya za ta dira kan katako, yatsu su fara taɓawa, sannan diddige, gwiwa ta lanƙwasa ta shanye nauyin, babu ƙara, kuma daidai da kiɗa.