Silit lam: wacce za ka saya wa asibitin idonka, kuma me za ka duba kafin ka biya?

Duk wanda ya taɓa zuwa asibitin ido ya san na'urar. Ka ɗora haɓa a kan mazauni, ka jingina goshi da madauri, likita ya zauna a ɗaya ɓangaren yana leƙe ta madubai biyu, wani siririn haske yana kai da komo a idonka. Ita ce silit lam, kuma ita ce babbar sayayyar farko ga matashin likitan duba ido da ya gama hidimar ƙasa yana son buɗe wurinsa, ko ƙaramin asibitin da ya yanke shawarar kafa ɗakin ido. Kuɗinta ba kaɗan ba ne, kuma wadda ka saya za ku daɗe tare, ko da daɗi ko babu daɗi.

Da ita ake duba gashin ido da fatarsa, da farin ido, da koniya, wato fatar nan mai kama da gilashi da ta rufe baƙin ido, da ruwan da ke bayanta, har zuwa inda yanar ido take fitowa. Mai walda da ɓurɓushin ƙarfe ya maƙale masa, manomin da karan gero ya tsokane wa ido lokacin girbi, yaron da idanunsa suka rine saboda ƙaiƙayi, tsohuwar da gashin ido ya juya ciki yana gogar mata koniya: duk a gaban wannan na'ura suke zama. Tocila za ta nuna maka akwai matsala. Zurfin matsalar kuwa sai siririn haske ya yanka ta ake gani.

Jiki iri biyu ne a kasuwa. Shekaru bayan da Allvar Gullstrand, likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, ya fito da dabarar a 1911, kamfanin Zeiss na Jamus ya ƙera ta, sana'ar ta rabu gida biyu. Akwai samfurin Zeiss, wanda fitilarsa ke ƙasa, hasken ya hau sama ta cikin jiki a rufe. Akwai kuma samfurin Haag-Streit na Suwizalan, mai doguwar hasumiya, fitila a can sama, hasken ya sauko ya bugi wani ɗan madubi ya shiga ido. Shahararriyarsu BM 900 ta fito a 1958, kuma yawancin na'urorin Indiya da Sin masu hasumiya tsarinta suka bi. Mai hasumiya tana karkata har digiri 20, abin da ke taimakawa idan ana duba kusurwar da ruwan ido ke fita. Ta ƙasa kuwa gajera ce, maɓallanta suna kusa da hannu, kuma ba ta da madubi a fili da ƙurar hunturu za ta kwanta a kai. A ganina wannan bambanci bai kai a yi ta ja-in-ja a kansa ba. Wadda hannunka ya saba da ita a makaranta ko a asibitin da ka yi horo, ita za ta fi yi maka sauri.

Inda masu sayarwa suka fi kama mutane shi ne girman hoto. Za a ce maka wannan mai mataki biyar ce, tana kaiwa ninki 40, waccan kuwa mataki biyu kawai. Gaskiyar magana, aikin yini guda a kan ninki 10 da ninki 16 yake ƙarewa. Ninki 25 yana da rana idan kana neman ƙwayoyin kumburi a ruwan gaban ido: ka kashe fitilar ɗaki, ka rage hasken zuwa milimita 1 tsawo da faɗi, sai ka gan su suna shawagi kamar ƙurar da ake gani a hasken ranar da ya ratso ta hudar kwano. Ninki 40 kuwa na mai bin ƙwayoyin bayan koniya ne, kuma idan gilashin ba mai kyau ba ne, hazo kawai zai ƙara maka. Don haka mai mataki uku, 10 da 16 da 25, ta wadatar da yawancin ɗakunan ido. Mai mataki biyu da hotonta ya fita tas ta fi mai biyar da gefunan hotonta ke dishi-dishi.

Sai maganar fitila, kuma a nan ne zaman mu a wannan ƙasa ya shigo ciki. Tsofaffin na'urori ƙwan halojin suke amfani da shi. Haskensa mai ɗumi ne, ya ɗan yi ja, kuma likitoci da yawa da suka daɗe a aiki sun fi son yadda yake nuna launin yana. Amma yana zafi, yana ƙonewa, kuma wutar da ke hawa da sauka tana gajarta masa kwana. Kowane samfuri da irin ƙwansa: wani mai bolt 6, wani mai bolt 12, gindinsu ma ba ɗaya ba. Ranar da ya mutu, in babu wani a aljihun tebur, an tashi aiki ke nan sai an aiko daga Legas. Fitilar LED ba ta cin wuta sosai, ƙaramar inbata ko sola za ta riƙe ta, kuma tana shekaru ba a taɓa ta ba. Aibinta biyu ne. Wasu masu araha haskensu ya cika shuɗi, yana kashe wa majiyyaci ido yana kuma ɓata launi. Sannan idan allon lantarkinta ya ƙone, ba abin da za ka cire ka sa da hannunka ba ne. Duk da haka, ga wanda zai sayi sabuwa yau, LED zan ce ya ɗauka, da sharaɗin ya tambayi dillali a ina ake samun allon. Kowacce ka zaɓa, kada ka jona ta kai tsaye da janareta babu sitabilaiza.

Kasuwar kusan hawa uku ce. A sama akwai Haag-Streit da Zeiss, waɗanda kuɗin sabuwarsu guda zai sayi na ƙasa da yawa. A tsakiya akwai na Japan irin su Topcon da Nidek da Takagi, da Keeler ta Ingila, da CSO ta Italiya, da Huvitz ta Koriya ta Kudu. A ƙasa akwai na Indiya, irin na kamfanin Appasamy da ke Chennai, da na Sin irin su 66 Vision da Kanghua. Kada kowa ya raina na hawan ƙasa. Asibitocin Indiya masu ganin ɗimbin jama'a a kullum da irinsu suke aiki. Abin lura kawai shi ne akwai waɗanda ake shigowa da su babu sunan kamfani na gaskiya, an liƙa musu takarda kawai, kuma guda biyu daga kwali ɗaya sai ka tarar ba su yi daidai ba.

Zaɓin da ya fi ɗaure kai shi ne tsakanin sabuwa mai araha da tsohuwa ta gwanjo mai babban suna. Tsohuwar Haag-Streit ko Topcon da aka riƙe da kyau takan fi sabuwa mai araha kaifin hoto da santsin motsi, wannan ba a musu. Amma gwanjo ba ta da garanti, kuma wadda ta fito daga Amurka an yi ta ne don wutar bolt 110 zuwa 120, tamu kuwa 230 ce. Wasu suna da maɓallin canjawa a akwatin wutarsu, wasu sai da taransifoma. Jonawa ɗaya cikin rashin sani ta isa ta ƙone akwatin. Shi ya sa ba a sayen gwanjo ta hoton WhatsApp. Sai an zauna a gabanta.

Idan ka zauna, fara da sandar gwaji. Kowace silit lam tana zuwa da ita: 'yar baƙar sanda mai fuska a shafe, wadda ake sakawa a ramin da ke tsakiyar inda hannun fitila da na madubi suke juyawa. Dillalin da ya ce ta ɓace, ka ce ya nemo. Saka ta, kunna fitila, daidaita kowane madubi da idonka ɗaya bayan ɗaya har layin hasken ya fito sarai. Yanzu kaɗa hannun fitilar hagu da dama. Layin ya kamata ya tsaya cak a tsakiyar sandar. In yana zamewa gefe, haske da madubi ba sa haɗuwa a wuri ɗaya, kuma kullum za ka yi ta farautar abin da kake dubawa. Sannan ka canja girma daga 10 zuwa 16 zuwa 25, hoton bai kamata ya ɓace ba. Ka rufe hasken a hankali: gefunansa biyu su kasance miƙaƙƙu, babu tsaga-tsaga, su haɗu lokaci guda daga sama har ƙasa. Idan ƙasan ya rufe saman yana buɗe, wuƙaƙen ciki sun karkace. Buɗe idanu biyu ka tabbata hoto ɗaya kake gani mai zurfi. Na'urar da ta taɓa faɗuwa takan ba da hoto biyu, ko ta sa maka ciwon kai bayan minti kaɗan, kuma gyaran wannan ba na kowane mai gyara ba ne.

Daga nan kashe fitilar, ɗauki tocilar wayarka ka haska ta cikin madubin, ka leƙa ta gaba. Ƙura ba komai ba ce, ana sharewa. Amma fararen zare-zare masu rassa fumfuna ce, wadda ke kama gilashin da ya yi damina a sito mai laima, kuma idan ta daɗe takan cinye rufin gilashin har abada. Kama sandar tuƙi ka tura gaba da baya, ka murɗa ta sama da ƙasa. Yatsu biyu ya kamata su isa. In tana cijewa ko tana tsalle, ka tuna da wannan hannun za ka bi allura zuwa koniyar mutum don cire ɓurɓushin ƙarfe. Juya matatun haske su ma: shuɗi, wanda ke sa rinin fuloresin ya haska gyambo da kore, da kore mai fito da jijiyoyin jini, da mai rage zafi.

Kuɗin da dillali ya faɗa sau da yawa na kan na'urar ne kawai. Tambayi tebur. Mai hawa da lantarki yana da daɗi, amma ranar da babu wuta a inda ya tsaya nan zai kwana, don haka mai murɗawa da hannu ba abin kunya ba ne. Abin da ban yarda a bari a baya ba shi ne ma'aunin hawan jinin ido na Goldmann. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, hawan jinin ido na biye mata, kuma shi wannan ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Ma'aunin iri-iri ne wajen ɗaurawa: wani a saman madubi yake rataye, wani a kan faranti ake ɗora shi a cire, kuma ba kowanne ke hawa kowace na'ura ba. Saye su tare, a ɗaura a gabanka, ka karɓi sandar da ake gwada daidaitonsa a kan 0 da 20 da 60. Ƙara da gilashin 90D ko 78D, wanda zai ba ka damar ganin jijiyar bayan ido da wannan na'urar dai.

Ta riƙewa a hannu, irin Kowa SL-17 ko Keeler PSL, tana ba da ninki 10 da 16 kuma da batir take aiki. Ga jariri a cinyar uwarsa, ko majiyyacin da ke kwance, ko fita ƙauye aikin duba ido, babu kamarta. Sai dai ba a ɗaura mata ma'aunin Goldmann, kuma hannu ba ya tsayawa kamar tebur. Ta biyu ce, ba ta farko ba.

Kyamara kuwa a bar ta sai an samu sarari. Abin da ke raba hasken ya kai mata yana rage wanda ke zuwa idonka, kuma manhajarta takan tsufa tun ƙarfen yana sabo. Ɗan maƙalin da ke riƙe waya a bakin madubi ya isa ka ɗauki gyambon koniya yau, ka gwada da na jibi, ko ka tura wa babban likita a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ya ba ka shawara.

Da ni ne mai ƙaramin jari, sabuwa zan ɗauka ta Indiya ko ta Sin mai sunan kamfani sananne, mai mataki uku da LED, daga dillalin da ke da mai gyara a ƙasar nan, ragowar kuɗin in sa a ma'aunin Goldmann da gilashin 90D da sitabilaiza. Gwanjo mai babban suna sai idan ta ci gwajin sanda a gabana kuma an haɗo min da ƙwai biyu na ajiya. A rasit ɗin a rubuta lambar jikin na'urar, da tsawon garanti, da wanda zai biya kuɗin motar mai gyara idan ta tsaya.