Zagayen Beddgelert da ɗan rakiya: kabarin kare ya cinye mana lokaci

Kuɗin zagayen awa uku na biya a Beddgelert, wani ƙauye a arewacin Wales ta Birtaniya, amma awa guda cur ta tafi a gindin bishiya, gaban kabarin kare. Ɗan rakiyar ya dage yana ba da labarin Yarima Llywelyn, wani mai mulkin Wales na dā, kamar a gabansa aka yi: ya dawo daga farauta, ya iske karensa Gelert baki duk jini, gadon jariri a kife, ya zare takobi ya soke shi, sai ga kukan yaro, ga kuma gawar kyarkeci a gefe. Labari da daɗi, ba musu. Abin da bai faɗa ba sai da aka matsa masa shi ne babu wani kare a ƙarƙashin duwatsun. David Pritchard, mai otal ɗin Goat, shi ya tsara kabarin a ƙarshen ƙarni na 18 don jawo baƙi, sama da shekara 500 bayan mutuwar Llywelyn a 1240. Ana fassara Beddgelert da "kabarin Gelert", amma masana sun fi karkata ga cewa sunan ƙauyen daga wani waliyyin Kirista ne, Celert.

Kuma wurin kyauta ne! Daga gadar dutse ka bi bakin kogin Glaslyn, tafiyar minti goma ce, alluna biyu na nan, ɗaya da harshen Welsh ɗaya da Turanci, labarin a rubuce tsaf. To me na biya?

Shi ƙauyen ba shi da laifi. Mutanensa ba su kai 500 ba, gidajen baƙin dutse a daidai inda Colwyn ya haɗu da Glaslyn, dutsen Moel Hebog mai tsayin mita 783 yana leƙensu. Har yanzu za ka ji Welsh a kanti. Wannan "dd" ta sunan, kamar zalun na Larabci ake furta ta, harshe tsakanin haƙora. Cocin St Mary, ragowar gidan sufaye da ke da sassa tun ƙarni na 13, hannu kawai ɗan rakiyar ya nuna mana muka wuce.

A kwazazzabon Aberglaslyn ne na sassauta masa. Hanyar masunta siririya ce, a wasu wuraren dutse ne zalla a saman ruwa mai gudu, da ƙarafan riƙo a jikin bango. Bayan ruwan sama santsi gare ta, kuma nan ruwa ba ya sallama. Ya duba takalman kowa, ya mayar da masu sumul ɗin tafi, ya jera mu ɗaya bayan ɗaya. Nan ne ma ya faɗi abin da ya dace a biya kuɗi a ji: kafin William Madocks ya gina madatsar Porthmadog a 1811, ruwan teku har gindin gadar Aberglaslyn yake hawowa.

Amma da na tuna abin da awar nan ta ja mana, haushin ya dawo. Mahaƙar jan ƙarfe ta Sygun, wadda aka rufe a 1903, tana cikin jadawalin da aka tallata, ba mu taka ba. Tudun Dinas Emrys, inda almara ta ce jan dodo da fari suka yi faɗa, wato asalin jan dodon tutar Wales, ko sunansa bai ambata ba. Wanda zai yi rajista ya tambaya tun farko minti nawa aka ware wa karen.