Mashayar da ke cikin dutse a Nottingham

Shekara biyu ina Nottingham ban taɓa taka ƙofar mashaya ba, sai ranar da za mu yi ban kwana da wata abokiyar aiki, aka ce a can za a haɗu. Na tafi ina istigfari a zuciyata.

Sunan wurin Ye Olde Trip to Jerusalem, kuma a bangonsa an rubuta 1189 ɓaro-ɓaro, shekarar da Sarki Richard ya hau karagar Ingila. Wai a nan mayaƙan Salibiyya ke yada zango kafin su nufi Ƙudus, wato mutanen da suka je suka kara da Salahuddin. Masana tarihi dai sun ce ginin na ƙarni na 17 ne, a 1751 ma The Pilgrim ake kiransa.

Tsarinsu ya gundure ni. A mashayar Ingila ba mai zuwa ya ce maka sannu da zuwa, kai za ka tashi ka je kanta, ka biya kafin ka ci. Kifinsu ma sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da ake soya shi, dole ka tambaya. Lemo na sha da soyayyen dankali, ba yaji, raina na kan balangun Kano.

Amma ɗakunan! Cikin dutsen da fadar Nottingham ke kai aka fafe su. Na shafa bango, yashi ya biyo tafin hannuna. Akwai wani ɗan jirgin ruwa na katako da ƙura ta lulluɓe, camfi ya hana a goge shi, wai duk wanda ya goge ba ya daɗewa a duniya. Sai suka sa masa gilashi. Har ƙurar sun adana, jama'a!

Nan zuciyata ta ɓaci. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, tsakanin 1095 da 1134, ta girmi shekarar da suke tinƙaho da ita. Mu me muka yi mata? Muna yara mun sha ganin ana sarar ƙasarta ana lodawa jakuna, wasu sun kafa shaguna a kanta, wasu sun mai da gindinta juji. Mu ne, ba baƙi ba.

Da na koma gida na kira Yaya, na ce don Allah in ya bi ta Ƙofar Dukawuya ya ɗauko min hoton abin da ya saura.