Kwayil ɗin Ruhmkorff na ɗakin gwajin makaranta: ya cancanci kuɗinsa?

Masu sayar da kayan kimiyya na makarantu suna kawo ƙaramin kwayil, wato naɗin waya mai ƙara ƙarfin wutar lantarki, mai aiki da batirin bolt 6, a kan katako, da tsinke biyu a samansa inda tartsatsi ke tsallakawa. Sunan Ruhmkorff ya manne masa, amma wani limamin Katolika ɗan Ayalan, Nicholas Callan, shi ya fara ƙera shi a kwalejin Maynooth ta ƙasarsu a 1836. Ruhmkorff, Bajamushe mai shago a Paris, gyara shi ya yi, ya yi masa rajista a 1851. Da irinsa masanin kimiyya Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi (X-ray) a 1895, kuma kwayil ɗin tsohuwar mota jikansa ne.

Cikinsa damin siraran wayoyin ƙarfe ne, ba sanda guda ba, don kada wuta ta riƙa kewayawa a cikin ƙarfen tana zafafa shi. A kai an naɗa kakkaurar wayar jan ƙarfe zagaye kaɗan, sannan siririya zagaye dubbai. Wuta na shiga kakkaurar wayar, ƙarfen ya zama maganaɗisu ya fizgo 'yar guduma, kwantak (mahaɗar da wutar ke bi) ya rabu, wuta ta yanke, gudumar ta koma. Yankewar nan ita ke haifar da dubban bolt a siririyar wayar da ke haɗe da tsinkunan. Komai a fili yake, ɗalibi na gani da idonsa, kuma nan ne darajarsa.

Rauninsa kwantak ne. Na da, da filatinam ake yi. Masu arahar yanzu ba sa jimawa bakin ya yi baƙi ya rarake, gudumar ta fara sarƙewa. A goge shi da lallausan sanfefa, a ɗaure nocin kwantak ɗin a hankali har ƙarar ta daidaita kamar ta ƙudan zuma. Idan tartsatsin ya koma bakin kwantak, na sama kuma ya rame, kondensar da ke ƙarƙashin katakon, 'yar na'ura mai tara wuta, ita ce ta mutu. Masanin kimiyya Bafaranshe Fizeau ya ƙara ta a 1853 don ta shanye wannan tartsatsin, wutar ta yanke farat ɗaya. Ta tsohuwar mota kan iya maye gurbinta.

Kada a ruɗu da tsawon tartsatsin da aka rubuta a kwali. A fara da tazarar milimita 5, a riƙa ƙarawa, da zarar ya fara tsallake-tsallake a koma baya. Kuskuren da ke kashe shi gaba ɗaya shi ne kunna shi tsinkunan na nesa da juna: wutar ta rasa hanya a waje, sai ta huda rufin siririyar wayar daga ciki, kuma wannan ba ya gyaruwa. Batirin tocila ba zai ɗauke shi ba, yana jan wuta amfiya da dama, sai batiri mai caji. Na bolt 12 kuwa ƙona kwantak zai yi. Da damina laima da ƙura na sace wutar ta jikin katako, a goge shi da busasshen ƙyalle.

Ga malami mai koyar da aikin Faraday kan yadda maganaɗisu ke haifar da wutar lantarki, sayensa riba ce. Amma ba na hannun yara ba ne: a cire batiri kafin a taɓa tsinke, mai na'urar bugun zuciya kuma ya tsaya nesa.