Na'urar Ƙirga Taku da Na Saya wa Mahaifina

Watanni biyar ke nan da na saya wa mahaifina, wanda ya haura shekara 70, ƙaramar na'urar ƙirga taku irin wadda ake maƙalawa a ƙugu. Lafiyarsa ƙalau take, sai dai na lura cewa idan yana tsakiyar wani aiki aka katse shi da magana, yakan daɗe kafin ya kamo zaren abin da yake yi.

Abin da ya kai hankalina ga tafiya shi ne binciken da Arthur Kramer da abokan aikinsa na Jami'ar Illinois ta Amurka suka wallafa a 1999. Sun kasa dattawa 124 masu shekara 60 zuwa 75 gida biyu, wasu suna tafiya a ƙasa, wasu kuma suna miƙe gaɓoɓi kawai, kuma bayan wata shida masu tafiyar ne suka ƙara saurin juya hankali daga wani aiki zuwa wani.

Na'urar ba ta da wahalar sha'ani. Lambobinta manya ne, ba ta buƙatar waya ko intanet, kuma har yau ban canja mata batir ba. Babban amfaninta shi ne ta zame wa Baba mai tuni, domin da yamma yakan duba ta, idan ya ga lissafin ya yi ƙasa sai ya sa takalmi ya fita ba tare da kowa ya ce masa uffan ba.

Inda ta gaza shi ne duk taku ɗaya ne a wurinta. Kai-komo tsakanin ɗaki da ɗaki daidai yake da tafiya mai ɗan sauri wadda ke ɗaga numfashi, alhali irin ta biyun ce Hukumar Lafiya ta Duniya take nufi da ta ba tsofaffi shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Takardar da ke cikin kwalin kuwa sai nanata taku 10,000 take yi, adadin da ya samo asali daga sunan wata na'ura da aka fara sayarwa a Japan a 1965, ba daga ɗakin bincike ba. Haka nan, idan ya rage sauri sosai takan tsallake wasu takun, abin da ke ɓata masa rai.

Zan sake sayenta, amma yanzu na haɗa masa da agogon hannu, yana auna minti 30 na tafiya a jere kwana biyar a mako.